Farfaɗo da Lambun da Ya Yi Sunƙuru: Darasi Daga Ilmin Tsirrai

Gabatarwa

Babban hutun makarantu a arewacin Nijeriya yakan faɗo ne a tsakiyar damina, wato daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba. A waɗannan makonni ne ruwa ya fi sauka, a cikinsu ne kuma babu mai taka lambun makaranta. Saboda haka idan aka koma karatu akan tarar ciyawa ta kai ƙugu, fangalin da aka sha wahalar tsarawa ya ɓace, farfajiya ta koma tamkar saura. Haka lamarin yake ga gidan da aka rufe shekara biyu ko uku, da lambun da mai shi ya tsufa 'ya'yansa suka tafi birni. Maganin da aka saba yi guda ɗaya ne: a raba adda da lauje, a sare kome da kome, a tara, a cinna wuta. Kwana biyu wuri ya yi fes, kowa ya yaba. Baɗi war haka ciyawar ta dawo, sau da yawa ma ta fi ta bara ƙarfi, ƙasar kuwa ta ƙara tauri.

Manufar wannan darasi ita ce bayyana dalilin da ya sa haka ke faruwa, da kuma hanyar da ilmin halittu ya nuna ta maido da irin wannan wuri hayyacinsa. Jigon bayanin shi ne, matuƙar akwai ruwa da hasken rana, ƙasa ba ta zama tsirara. Wanda ya share wuri bai rufe shi da abin da yake so ba, to ya bar wa ciyawa zaɓi ke nan.

Yadda Sunƙuru ke Kafuwa

Ga mai kallo daga nesa, sunƙuru hargitsi ne kawai. Amma masana sun daɗe da lura cewa tsirrai na shiga wurin da aka bari bisa tsari, rukuni bayan rukuni, kowane rukuni yana gyara wa na bayansa wurin zama. Wannan shi ake kira maye-gurbin tsirrai, kuma wani masani Ba'amurke mai suna Frederic Clements ya yi babban littafi a kansa a shekarar 1916.

A irin ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato, masu fara shiga su ne tsirrai masu rayuwar damina guda, kamar ƙarangiya da harkiya da kyasuwa da tafasa da tsidau da kashin-yawo. Suna fita da sauri, su zuba 'ya'ya masu yawa, su bushe da kaka. Ganyensu da saiwoyinsu da suka ruɓe su ke ƙara wa ƙasa taushi da laima. Idan aka ƙara shekara biyu ko uku ba a taɓa wurin ba, sai masu daɗewa su karɓe, irin su gamba da kirikiri, da tofa a wuraren da suka fi laima kamar ƙasar Zazzau da bakin fadamu. Daga nan sai ƙananan itatuwa su ɗago kai, su sabara da kalgo da magarya da tumfafiya, a cikin gari kuma har da 'ya'yan darbejiya waɗanda jemagu da tsuntsaye suka yar. Idan babu wuta babu kiwo, inuwar itatuwan nan ce a ƙarshe za ta danne ciyawar.

An gwada wannan a fili a cibiyar binciken aikin gona ta Rothamsted da ke Ingila. A shekarar 1882 aka keɓe ƙarshen wata gonar alkama, aka bar alkamar a tsaye ba a girbe ba, aka daina noma wurin. Cikin shekara huɗu ba abin da ya rage na alkamar sai 'yan tsirarun karare marasa ƙarfi, ɓangaren da aka bari kacokan kuwa daga baya ya rikiɗe ya zama kurmi. Darasin da ke ciki shi ne, amfanin gona ba ya iya kare kansa sai da taimakon ɗan'adam. Lambu wuri ne da mutum ya tsayar da maye-gurbin tsirrai a matakin farko da ƙarfin fartanya. Ranar da ya ajiye fartanyar, tafiyar ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Rumbun Iri na Cikin Ƙasa

Ɗalibi zai iya tambaya, daga ina ciyawar ke fitowa alhali an share wurin ƙarƙaf? Kaɗan daga cikin irin iska ce ke kawo shi, wani ya zo a jikin tufafi da gashin dabbobi, wani a cikin kashin awaki. Amma mafi yawansa yana nan kwance cikin ƙasar lambun tun shekarun baya. Masana na kiran wannan ajiya rumbun iri na cikin ƙasa.

Ƙwayar iri na iya yin dogon barci ba ta mutu ba. A shekarar 1879 Farfesa William Beal na kwalejin aikin gona ta jihar Mishigan a Amurka ya cika kwalabe 20 da yashi haɗe da irin tsirrai fiye da nau'i ashirin, ya binne su, aka riƙa tono kwalba ɗaya lokaci-lokaci ana gwada irin da ke ciki. Da aka tono wata kwalba a shekarar 2021, bayan shekara 142 ke nan, sai ga wasu ƙwayoyin sun tsiro. A nan gida ma akwai misalin ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Tushe guda na zubar da dubun-dubatar 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, suna iya jira fiye da shekara goma a ƙasa, kuma ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa.

Yawancin ƙananan irin ciyawa ba sa farkawa sai sun sami haske da iska kusa da saman ƙasa. Ke nan duk lokacin da aka kafta ƙasa da zurfi, an ɗebo sabon iri daga cikin rumbun an kawo shi inda zai tsiro. Abubuwa biyu ke fitowa daga wannan bayani. Na farko, a yanke ciyawa kafin ta zuba 'ya'ya, domin zubin shekara guda aikin shekaru da yawa ne. Na biyu, bayan kaftun farko a rage motsa ƙasa da zurfi.

Ciyawa Iri Biyu, Magani Iri Biyu

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar duk ciyawa a matsayin abu guda. Ta fuskar aiki, ciyawa ta kasu gida biyu.

Kashi na farko su ne masu damina guda, waɗanda duk ƙarfinsu a iri yake. Da zarar an sare su ko an tuge su kafin su yi fure, zancensu ya ƙare.

Kashi na biyu su ne masu ajiyar abinci a ƙarƙashin ƙasa. Tofa, wadda masana ke kira Imperata cylindrica, tana da farin kara mai gaɓoɓi da ke rarrafe cikin ƙasa, kowace gaɓa kuma tana da idon da zai iya zama sabon tushe. Wanda ya daddatsa wannan kara da garma a cikin damina ya bar shi a wurin, dashe ya yi mata. Aya-aya, wato Cyperus rotundus, tana da 'yan ƙananan curi da ke jere kamar carbi. Curin da ke gaba kan hana na baya tsirowa, saboda haka idan aka tsinke jerin sai waɗanda ke barci su farka gaba ɗaya. Kirikiri kuwa yana yaɗuwa ta sama da ta ƙasa.

Raunin waɗannan guda biyu ne: bushewa da inuwa. Idan aka tono karan tofa da curin aya-aya a cikin bazara aka shanya su a rana kamar mako biyu, za su mutu. Idan kuma aka rufe wurin da shuka mai yaɗo wadda za ta tare haske, ajiyar abincin da ke ƙasa za ta riƙa ƙarewa, tun da ganye ba ya haɗa abinci sai da hasken rana. Yanka akai-akai, duk lokacin da sabon toho ya ɗago, shi ma yana cinye ajiyar a hankali. Akwai magungunan feshi da ke bin jikin tsiro har cikin ƙasa, amma wannan aikin manya ne da suka san ƙa'idarsa, bai kamata a ɗora wa ɗalibai ba.

Ya kamata a tuna cewa ciyawa suna ne da wuri ke ba tsiro. Kirikirin da ke damun fangalin albasa shi ne ake nema a filin ƙwallo da gefen hanya, domin yana riƙe ƙasa.

Mataki na Farko: Lura Kafin Sara

Kafin a ɗaga adda, a zagaya wurin da takarda da alƙalami. A zana taswirarsa, a nuna inda itatuwa suke, da inda ruwa ke bi, da inda yake kwanciya, da inda tsohuwar rijiya ko masai ko ramin shara yake, domin ciyawa kan rufe bakin rami. Sa'an nan a kasa tsirran gida uku: waɗanda za a bari, waɗanda za a yi amfani da su, da waɗanda za a kawar. Waɗanda za a bari a ɗaura musu tsumma mai launi don kada adda ta same su.

Ba ƙaramin abinci ke cikin sunƙuru ba. Tafasa da lalo da zaƙi-banza da gasaya da yaɗiya duk ganyaye ne da Bahaushe ya daɗe yana ci. Gamba na yin zana, kyasuwa da harkiya abincin dabbobi ne. Akwai kuma masu haɗari da ya wajaba ɗalibai su sani. Farin ruwan tumfafiya na yi wa ido illa, 'ya'yan zurma guba ne, haka nan zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro.

Batun lafiya ba abin wasa ba ne. Inda ciyawa ta yi duhu ɓeraye da kwaɗi kan taru, inda suka taru kuwa maciji na biye. Kububuwa, duk da ƙanƙantarta, tana cikin macizan da suka fi hallaka mutane a yankin nan, kuma asibitin da ke Kaltungo a jihar Gwambe ya yi suna wajen jinyar waɗanda ta sara. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Don haka kada a shiga sunƙuru sai da rufaffen takalmi da dogon wando. A riƙa buga ciyawa da doguwar sanda, a fara sara daga gefe guda ana tafiya gaba, a bar wa abin da ke ciki hanyar fita. Kada a yi wa wurin zobe. Dutse ko gungume ko tsohon kwano a juya shi da sanda, kada a sa hannu ƙarƙashinsa. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take. Idan kumurci ya yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa sa'an nan a tafi asibiti. Wanda kuma tsohon ƙarfe ya yanka, a wanke ciwon da sabulu a nema masa allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora.

Game da sauro, mutane da yawa na zaton a cikin ciyawa yake haihuwa. Ciyawa wurin hutawarsa ce da rana, ƙwansa kuwa sai a ruwa, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya ne zuwa biyu a lokacin zafi. Sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi son 'yan kududdufai, mai ɗauke da shawara kuwa ya fi son ruwan gwangwani da tsohuwar taya da fasasshen tulu. Tsince waɗannan da cike ramuka ya fi saran ciyawa rage sauro.

Dalilin Guje wa Wuta

Ganye da karan da suka cika lambu ba daga sama suka faɗo ba. Saiwoyi ne suka zuƙo sinadarai daga ƙasar wurin, ganye ya haɗa su da iska da ruwa da hasken rana. Wato sunƙurun nan dukiyar ƙasar ce ta fito fili. Idan aka ƙone shi, kusan duk naitirojin da ke ciki, wanda shi ne sinadarin da ƙasar yankin nan ta fi ƙaranci, zai bi hayaƙi. Toka na ɗauke da fotasiyam da kalsiyam, amma iskar hunturu kan kwashe ta, ko ruwan farko ya wanke ta. Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mai ƙona lambu dai rumbunsa ya ƙona, tokar kuma ba ta da kasuwa.

Bugu da ƙari, wutar ciyawa wucewa take yi da sauri, zafinta ba ya ratsa ƙasa sai 'yan santimita kaɗan. Irin da ke binne da karan tofa ba abin da ke samunsu. Hasali ma tofa ta fi yin toho da fure bayan gobara, domin an kawar mata da abokan takara. Waɗanda ke cutuwa su ne ƙananan itatuwa da ƙwarin da ke aikin ruɓar da ganye. Bayan haka ƙasar ta zauna tsirara, ɗigon ruwan sama ya riƙa dukanta yana toshe ƙofofinta har ta yi ɓawo. Idan aka maimaita haka shekara da shekaru, wurin ya zama faƙo.

Abin da ya cancanci wuta kaɗan ne: shukar da ta kamu da cuta, ƙudujin da ya yi fure, da ciyawar da 'ya'yanta suka riga suka ƙosa, kamar ƙarangiya da kashin-yawo. A ƙone su a rami, nesa da gini da danga, a lokacin da babu iska. Leda da roba da tsohon batir ba a ƙona su ba a kuma binne su a lambu, domin suna ɗauke da guba.

Mayar da Ciyawa Taki

Sauran abin da aka sare a mayar da shi taki. Manoman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin darajar juji da takin turke. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne tsari, musamman daga aikin da Albert Howard ya yi a garin Indore na Indiya tsakanin 1924 da 1931.

Masu aikin ruɓarwa su ne bakteriya da funfuna, kuma kamar kowane mai rai suna bukatar abinci da ruwa da iska. Busasshen kara na ba su kabon, ɗanyen ganye da kashin dabbobi na ba su naitirojin, kuma sun fi aiki idan kabon ya kai kamar kashi 30 a kan kashi 1 na naitirojin. A aikace ga yadda ake yi. A zaɓi inuwa, a auna wuri mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 ko fiye. A inda iska ke da bushewa rami ya fi, da damina kuwa tsibi ya fi, don kada ruwa ya kwanta. A shimfiɗa busasshen kara kaurin santimita 15 zuwa 20, a bi shi da ɗanyen ganye santimita 10, sai takin dabbobi santimita 5, a barbaɗa toka da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa. A maimaita har tsibin ya kai mita 1, a rufe da tsohuwar tabarma ko buhu. Laimar da ake so ita ce wadda idan aka matse a hannu za a ji danshi amma ruwa ba zai zuba ba.

Cikin kwana uku ko huɗu tsakiyar tsibin zai ɗauki zafi, har yakan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan zafi ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Inda babu ma'auni a soka sanda har tsakiya, a zaro ta bayan ɗan lokaci a taɓa. Idan da zafi da danshi, aiki na tafiya. Idan tsibin na wari, ruwa ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Idan sandar ta fito a bushe da sanyi, a ƙara ruwa da ɗanyen ganye. A riƙa juyawa duk mako biyu ko uku, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku takin zai yi baƙi ya yi ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa. Karan tofa da curin aya-aya ba sa shiga tsibi sai sun bushe ƙayau.

Itatuwa da Kututture

Tsohon mangwaro ko gwaiba ko lemo da aka yi watsi da shi ya fi sabon dashe daraja, domin saiwarsa ta riga ta kama ƙasa. A fara da cire busassun rassa, da masu cuta, da masu gugar juna. Sai a duba kauci, tsiron da ke kafa kansa a jikin reshe yana zuƙar ruwa da sinadarai. Tsuntsaye ke baza 'ya'yansa masu danƙo. Fizge shi ba ya magani, sai an yanke reshen daga ƙasa da inda ya kama. Babban reshe a fara yi masa tsaga ta ƙasa kafin a yanka ta sama, don kada ya ɓare jikin itacen idan zai faɗi, kuma a yi yankan ƙarshe dab da ɗan kumburin da ke gindin reshen, domin daga nan itace ke rufe ciwonsa. Kada a rage fiye da rubu'in rassa masu rai a shekara guda. Babban gyaran mangwaro a bari sai an gama cin 'ya'yansa.

Kututturen da ke toho shi ma abin lura ne. A shekarar 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara toho ne na itatuwan da saiwarsu ke raye a ƙasa. Sai aka fara zaɓar rassa mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a kowane kututture, a sare sauran, a kare waɗanda aka bari. Wannan dabara da ake kira sassaben zamani ta yaɗu daga manomi zuwa manomi, har aka ƙiyasta cewa ta maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Abin da ya yiwu a gonakin Maraɗi da Damagaram zai yiwu a bayan aji. Gawo musamman a bar shi, domin yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, yana kuma ƙara wa ƙasa naitirojin. 'Ya'yan darbejiyar da suka fito jikin gini ko cikin fangali kuwa a tuge su tun suna ƙanana.

Rufe Ƙasa

Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa, alhali a kansa nasarar sauran ta rataya. Kada a share fiye da abin da za a iya shukawa ko rufewa. Gara fangali huɗu da aka riƙe da kyau da fili guda da aka buɗe aka bari.

Bayan an kafta an zuba taki an daidaita fangali, a ba shi ruwa a bar shi kwana 10 zuwa 14. Irin ciyawar da ke sama zai tsiro, sai a kankare shi da fartanya sama-sama ba tare da juya ƙasa ba, sa'an nan a yi shuka. Tsakanin layuka a shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya kaurin santimita 5 zuwa 10, a ɗan ja ta daga gindin shukar. Wannan shimfiɗa na tare haske daga irin ciyawa, tana rage tashin laima, tana kuma kare ƙasa daga dukan ruwa. A kan faƙo ma tana aiki, domin gara na zuwa cin karan, ramukan da take haƙawa su zama hanyar shigar ruwa.

Inda ba za a yi fangali ba a shuka wake mai yaɗo ko gyaɗa ko dankali ko kabewa. Wake da gyaɗa suna da ƙarin fa'ida. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa kai tsaye. Wasu bakteriya da ke zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwar wake su ke kama shi su mayar da shi abincin shuka. A ƙarshe a kewaye wurin da shinge mai rai na aguwa ko lalle ko dashi, domin akuya guda ta isa ta rushe aikin zango guda.

Jadawalin Shekara

Satumba zuwa Oktoba: zagaye da taswira, tsince shara, yanke ciyawa kafin ta zuba 'ya'ya, haɗa taki.

Nuwamba zuwa Fabrairu: inda akwai ruwa, noman latas da kabeji da karas da albasa da tumatir, da cire busassun rassa da kauci.

Maris zuwa Mayu: tono karan tofa da curin aya-aya a shanya, gyaran danga da magudanar ruwa.

Yuni zuwa Yuli: dashen itatuwa da shinge, sa'an nan makonni uku ko huɗu kafin hutu a shuke duk wurin da ke buɗe da wake mai yaɗo, a yi masa noma ɗaya kafin a tafi.

Ayyukan Gwaji ga Ɗalibai

Gani ya kori ji. Malami zai iya raba aji rukuni-rukuni su gudanar da waɗannan:

1. A ɗebo ƙasa daga zurfi uku, saman santimita 5, da tsakanin 5 zuwa 10, da tsakanin 10 zuwa 20. A baza kowace a faranti mai huji, a riƙa ba su ruwa mako huɗu, a ƙirga abin da ya tsiro. Wane zurfi ya fi iri?

2. A yanka karan tofa ko kirikiri gunduwa 20, kowace da gaɓa. A dasa 10 nan take, a shanya 10 mako biyu sa'an nan a dasa. A kwatanta sakamakon.

3. A auna wurare uku masu faɗin mita 1 da tsawon mita 1. A ƙone na farko, a share na biyu a bar shi tsirara, a rufe na uku da busasshiyar ciyawa. A ba su ruwa daidai wa daida, a ƙirga ciyawar da ta fito bayan mako shida, a kuma duba wanda ya fi riƙe laima.

4. A tugo tushen wake a hankali, a wanke saiwar, a tsaga ƙulli guda. Idan cikinsa ja-ja ne, bakteriyar na kan aiki.

Kammalawa

An ga cewa sunƙuru na kafuwa ne bisa tsari sananne, kuma ƙarfinsa na ɓoye a wuri biyu, rumbun iri da karan ƙarƙashin ƙasa, waɗanda adda da wuta ba sa kai musu. An kuma ga cewa abin da aka sare taki ne, kututture mai toho itace ne, ƙasar da aka bari a buɗe kuwa ba ta daɗewa a haka. Saboda haka aikin farfaɗo da lambu ba ya kammala ranar da aka gama sara, sai ranar da kowane taku na wurin ya sami abin da ya rufe shi, ko shuka ko shimfiɗa ko inuwar itace. Makarantar da ta bi wannan tsari za ta ga aikin na raguwa kowace shekara, domin rumbun irin na ƙarewa, ƙasar kuma na ƙara kyau. Ɗalibanta kuma za su sami wurin gwajin ilmin halittu wanda ba a kashe ko kwabo wajen gina shi ba.